Neman Izinin Zama a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi

Kowace ƙasa da dokarta, amma idan aka duba da kyau, izinin zama a ko'ina yana rataye ne a kan abu biyu: dalilin da ya sa aka ba ka shi, da ranar da zai ƙare. Mafi yawan waɗanda suke shiga matsala ba su aikata wani babban laifi ba. Ko dai dalilin ya canza ba su sanar ba, ko kuma ranar ta wuce suna jiran wani abu. Ga tambayoyin da aka fi yi, tare da misalai daga ƙasashe daban-daban. Adadi da wa'adi sukan canza, saboda haka a riƙa tabbatarwa a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da ake ciki.

Mene ne bambancin biza da izinin zama?

Biza ta shiga ce. Ofishin jakadanci ne yake bayar da ita tun kana ƙasarku, domin ka isa kan iyaka ka nemi a buɗe maka. Izinin zama kuwa hukumar cikin gida ce take bayarwa bayan ka shiga, kuma shi ne yake faɗin tsawon lokacin da za ka zauna da abin da aka yarda ka yi. Yawanci kati ne mai girman katin banki, ɗauke da hotonka da zanen yatsunka. A Saudiyya ana ce masa iƙama. Birtaniya ta daina buga katin, na ƙarshe sun ƙare a ranar 31 ga Disamba 2024, yanzu izinin yana cikin asusun mutum ne a intanet. A Faransa akwai wata biza ta dogon zama da take tsayawa a madadin katin na shekarar farko, da sharaɗin a inganta ta a intanet cikin wata 3 da sauka.

Na shigo da bizar ziyara. Zan iya juya ta ta koma izinin zama?

A mafi yawan ƙasashe ba ya yiwuwa, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi cin dukiyar mutane. Bizar gajeren zama ta yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, tana ba da kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180, kuma an bayar da ita ne a kan cewa za ka koma. Wanda yake son karatu ko aiki ko zama da iyali, bizar dogon zama zai nema tun daga gida. Jamus ta ware 'yan wasu ƙasashe, irin su Amurka da Kanada da Japan da Ostireliya da Birtaniya, waɗanda za su iya shiga tukuna sannan su nemi izini a ciki. Sauran jama'a sai su koma ofishin jakadanci, ko da sun riga sun samu aiki ko gurbin karatu.

Akwai kuma yankunan da suka yi yarjejeniya tsakaninsu. Ɗan Tarayyar Turai ba ya buƙatar izini domin zama a wata ƙasar tarayyar, rajista kawai zai yi idan zai wuce wata 3. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da kwana 90 ba tare da biza ba, amma wanda zai wuce haka dole ya nemi katin zama.

Da na sauka, me zan fara yi?

Rajistar adireshi. Kusan komai a kanta yake tsayawa: asusun banki, lambar haraji, inshora, har da sanin wane ofishi ne zai duba takardunka. A Jamus mako 2 ne daga ranar da ka tare, kuma sai mai gidan ya rubuta maka takardar shaida cewa lallai kana zaune a nan. A Japan kwana 14 ne. A Sin awa 24 ce, a ofishin 'yan sanda mafi kusa, sai dai idan a otal ka sauka, su za su yi maka.

Sai wa'adin neman izinin kansa. Italiya tana da matsi sosai: kwanakin aiki 8 daga shigowa, kuma yawanci ta gidan waya ake miƙa takardun. A Sifaniya wata 1 ne na neman katin baƙi. A Sin kwana 30. A Saudiyya mai aikin ne zai fitar maka da iƙama cikin kwana 90. Lissafin yana farawa ne daga hatimin da aka buga maka a filin jirgi, ba daga ranar da ka huta ka wartsake ba. Ka nemi ranar ganawa tun a makon farko, domin a manyan birane layin yakan kai watanni.

Waɗanne takardu ake nema?

Akwai waɗanda kusan ba sa canzawa: fasfo mai sauran rai, fom da aka cike aka sa hannu, hoto, shaidar wurin zama, shaidar kuɗin ciyar da kai, inshorar lafiya, da rasit na kuɗin nema. Sai takardar da take nuna dalilin zamanka: ɗalibi ya kawo shaidar rajista a makaranta, ma'aikaci ya kawo kwantiragi, mai bin iyali ya kawo takardar aure ko ta haihuwa. Wasu ƙasashen suna ƙara takardar 'yan sanda ta rashin laifi daga duk ƙasar da ka taɓa zama.

Ƙananan abubuwa ne suke mayar da mutum gida. Hoton Turai yawanci milimita 35 ne a 45, fuska a tsaye, baki a rufe, ba inuwa a baya, kuma wanda aka ɗauka kwanan nan. An yarda da rufe kai saboda addini muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi. Takardar rashin laifi da bayanan banki suna tsufa, yawanci ba a karɓar wadda ta wuce wata 3 zuwa 6. Saboda haka kada ka yi gaggawar karɓo ta tun ba ka san ranar ganawa ba, ka fara da takardun da ba sa tsufa. Abu na ƙarshe, hukumomi da yawa ba sa ba da izinin da zai wuce ranar ƙarewar fasfo. Wanda ya cancanci shekara 3 amma fasfonsa saura wata 14, to wata 14 zai samu, sannan ya sake biya ya sake layi. Sabunta fasfo kafin nema ya fi sauƙi.

Sunana a fasfo ya ɗan bambanta da na takardar haihuwa. Zai zama matsala?

Zai zama. Ka ɗauka fasfo ya ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Mohammed, shaidar digiri kuma ta sa sunan uba a gaba. A wurinka mutum ɗaya ne. A wurin jami'in da yake riƙe da fayil, mutum uku ne har sai an tabbatar masa da akasin haka. Haka ma ranar haihuwa: 03/04 a wata ƙasa 3 ga Afrilu ne, a wata kuma 4 ga Maris.

Fasfo shi ne ma'auni. Duk fom ɗin da za ka cike, ka kwafi sunan harafi da harafi yadda yake a layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto. Takardun da suka saɓa kuma a gyara su a inda aka fitar da su, ko a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu da take bayyana cewa sunayen na mutum ɗaya ne. Idan za a fassara takarda daga Larabci ko wani rubutu daban, ka ba mai fassarar kwafin fasfo domin ya rubuta sunan daidai da shi. Kada ka taɓa goge ko gyara takarda da hannunka. Kuskuren rubutu ana warware shi, amma takardar da aka taɓa sunanta jabu.

Me ake nufi da tabbatar da takarda, kuma wa zai fassara ta?

Jami'in wata ƙasa ba shi da hanyar sanin ko hatimin da ke kan takardar aurenka na gaskiya ne. Shi ya sa ake bin matakai. Idan ƙasashen biyu suna cikin Yarjejeniyar Hague ta 1961, hatimi ɗaya ya isa, wanda ake kira afostil. Idan ɗaya ba ta ciki, sai a bi doguwar hanya: hukumar da ta fitar da takardar, sannan ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarku, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je. Ba a tsallake mataki, domin kowane hatimi yana shaidar wanda ya gabace shi ne.

Wannan aiki a gida ake yin sa kafin tafiya. Wanda ya tafi bai yi ba, sai ya koma aika takardun asali ta hannun mutane. Fassara kuma ta biyo bayan hatimi, domin hatimin ma ana fassara shi. Ƙasashe irin su Jamus da Faransa da Sifaniya suna neman fassarar mai fassarar da hukuma ta rantsar, saboda haka fassarar aboki, komai iyawarsa, ba ta shiga.

Nawa ake so a gani a asusuna?

Ya danganta da ƙasa da irin izinin. Jamus tana sa ɗalibai su zuba kuɗin shekara a wani rufaffen asusu, wanda tun Satumba 2024 yake Yuro 11,904, kuma Yuro 992 kaɗai ake iya cira a wata. Birtaniya tana son kuɗin ɗalibi su zauna a asusu kwana 28 a jere ba tare da sun taɓa sauka ƙasa da adadin ba, ko da na yini ɗaya ne.

Jami'i ba lambar ƙarshe kaɗai yake kallo ba, yana karanta tarihin asusun. Asusun da ya yi wata biyar kusan babu komai, sai kwatsam makudan kuɗi suka faɗo mako guda kafin nema, kowa ya san aro ne. Idan kuɗin na halal ne, misali ka sayar da fili ko mahaifi ya ba ka, to ka haɗa da shaidar cinikin ko wasiƙar wanda ya bayar tare da nasa bayanan banki. Ma'aikaci kuma takardun albashi na wata 3 na baya ake yawan nema, kuma ana gwada su da abin da ya shiga banki.

Inshorar tafiya da na yi ta isa?

Ba ta isa ba. Wadda ake yi domin bizar Shengen, mai ɗaukar nauyin Yuro 30,000, ta gaggawa ce ta ɗan lokaci. Izinin zama yana buƙatar cikakkiyar inshora irin ta mazauna ƙasar. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf akwai kuma gwajin lafiya, na jini da hoton ƙirji, a asibitocin da hukuma ta amince da su kaɗai. Birtaniya tana neman gwajin tarin fuka daga 'yan wasu ƙasashe idan zaman zai wuce wata 6.

Yaya ranar ganawa take kasancewa?

Ganawar kanta gajeriya ce. Ka je da wuri, da takardar gayyata a hannu, domin mai gadi ita zai fara tambaya. Ka jera takardun yadda aka lissafa su a jerin hukuma, kowace ta asali da kwafinta a bayanta, ba a dunƙule cikin leda ba. Jami'in zai duba fasfo, ya gwada fuskarka da hoto, ya sa ka ɗora yatsu a kan gilashin na'ura, ka sa hannu a cikin wani ɗan akwati ba tare da ka taɓa layinsa ba. Wadda ta sa lalle mai duhu a yatsu, ko wanda aikin hannu ya goge masa zanen yatsa, na'urar takan ƙi karantawa, sai a sake maimaitawa ko a ɗaga ranar. A bar lalle sai bayan ganawa.

Idan ba ka jin harshen, ka zo da mai fassara, kada ka sa hannu a abin da ba ka gane ba. Kafin ka tashi, ka tabbata an ba ka rasit ko takardar shaidar miƙa nema, mai ɗauke da kwanan wata da lambar fayil. In an ce wata takarda ta yi ƙaranci, ka roƙa a rubuta maka sunanta da ranar ƙarshe ta kawowa. Ranar karɓar kati kuma ka karanta shi tun kana tsaye a wurin: suna, ranar haihuwa, ranar ƙarewa, da layin da ya yi maganar aiki.

Bizata za ta ƙare kuma har yanzu ba a amsa mini ba. Na zama baƙon haure ke nan?

Amsar tana ga tambaya ɗaya: ka miƙa neman kafin ranar ƙarewa ko bayanta? Idan kafin ne, ƙasashe da yawa suna ɗaukar tsohon izininka a matsayin mai ci har sai an yanke hukunci. Haka dokar take a Jamus da Birtaniya da Kanada, kuma Faransa da Italiya suna ba da takardar wucin gadi da take tsayawa a madadin katin. Jinkirin hukuma ba laifinka ba ne. Idan kuwa bayan ranar ne, ko da kwana ɗaya, wannan kariyar takan faɗi: aikinka ya koma na haram, lissafin shekarunka na zama ya katse, kuma za a iya cin ka tara ko a tasa ƙeyarka gida.

A nan ne mutane suke rikita abu biyu. Neman ranar ganawa daban, miƙa nema daban. Wanda ya yi wata biyu yana leƙa shafin intanet bai samu gurbi ba, a idon doka bai nemi komai ba tukuna. Idan rana tana matsowa, ka miƙa neman a rubuce ta hanyar da hukumar ta amince da ita, ko fom na intanet ko wasiƙar rajista ta gidan waya, da cikakken suna da lambar fasfo da kwafin tsohon izini. Ka ajiye shaidar aikawa. Gara a miƙa fayil da saura takarda ɗaya a kan kari, da a miƙa cikakke bayan wa'adi. Takarda ana cikawa daga baya.

Zan iya tafiya gida ina cikin jira?

Kada ka sayi tikiti sai ka tambaya a rubuce. A Birtaniya, fita yayin da neman yake gaban hukuma yana sa a ɗauka ka janye shi. A Amurka, mai neman katin zama na dindindin daga cikin ƙasar idan ya fita ba da takardar izinin dawowa ba, yawanci an ɗauka ya yi watsi da neman. A Faransa da Jamus, takardar wucin gadi ta mai sabuntawa takan ba da damar dawowa, ta mai neman farko kuwa ba ta bayarwa. Ko da doka ta yarda, ma'aikacin jirgi a wata ƙasa yana iya ƙin gane takardar, saboda haka ka zaɓi jirgin da zai sauka kai tsaye ba tare da ya yada zango a wata ƙasa ba.

Izinin zama yana nufin zan iya aiki?

Abin da aka rubuta a kan katin ko a takardar da ta zo da shi ne kaɗai aka yarda. Ɗalibin jami'a a Birtaniya yana da awa 20 a mako lokacin karatu. A Faransa awa 964 ne a shekara. A Jamus, tun Maris 2024, cikakkun kwanaki 140 ne ko rabin yini 280. Izinin ma'aikaci sau da yawa a ɗaure yake da kamfani ɗaya da irin aiki ɗaya, kuma aikin albashi daban yake da sana'ar kai. Katin wata ƙasar Shengen yana ba ka damar ziyartar sauran na kwana 90 a cikin 180, amma ba aiki a can ba.

Aikina ya ƙare, ko na bar makaranta. Katina kuma saura shekara. Ina nan lafiya?

Ba lallai ba. Ranar da ke kan kati iyaka ce ta ƙarshe, amma idan dalilin ya faɗi, hukuma tana da ikon gajarta ta. A Jamus mako 2 ne da kai ka sanar cewa aikin ya ƙare kafin lokaci. A Japan kwana 14 ne, kuma za a iya soke izinin wanda ya yi wata 3 ba ya yin abin da aka ba shi izini dominsa ba tare da uzuri ba. Birtaniya takan rage izinin ma'aikaci zuwa kwana 60. Ɓoyewa ba ta da amfani, domin kamfanoni da makarantu su ma dole ne su sanar. Wanda ya je da ƙafarsa ya faɗa, an fi ba shi lokacin neman wani aiki. Kada ka fara sabon aiki sai an amince da canjin.

A Saudiyya, gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya mai aiki bisa wasu sharuɗɗa ta manhajar Qiwa, amma bai haɗa da ma'aikatan gida da direbobin gida ba.

Mai aikina ya karɓe fasfona ya ce shi zai ajiye. Haka doka take?

A'a. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk sun hana riƙe fasfon ma'aikaci ba da yardarsa ba. Ana iya karɓa na ɗan lokaci domin kammala takardu, sannan a mayar. Idan aka ƙi, ka kai ƙara ma'aikatar ƙwadago ka kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarku. Kada ka gudu daga wurin aikin kafin ka kai ƙara, domin idan ya riga ka kai rahoton cewa ka tsere, kai ne za ka koma mai laifi.

Yaya zan kawo matata ko mijina da yara?

Yawanci ana duba abu uku: albashin da zai ɗauki kowa ba tare da tallafin gwamnati ba, gida mai faɗin da ya isa, da tabbatattun takardun aure da haihuwa. Jamus tana neman mafi yawan ma'aurata su kawo shaidar matakin farko na Jamusanci, wato A1, tun daga gida. Auren da ba a rubuta shi a hukumance ba yana da wuyar tabbatarwa, saboda haka a yi masa rajista. Ƙasashen Tarayyar Turai mata ɗaya kaɗai suke ba izini ta wannan hanya. Yaro kuma a nema masa kafin ya cika 18, domin bayan nan ƙofar takan rufe. Idan iyaye sun rabu, ana neman yardar ɗaya a rubuce ko hukuncin kotu.

Jaririn da aka haifa a can shi ma yana buƙatar nasa izinin, kuma a ƙasashe da yawa haihuwa a ƙasa ba ta sa ya zama ɗan ƙasa. Wa'adin nema masa a Daular Larabawa kwana 120 ne daga haihuwa, a Japan kwana 30. Fasfon jariri yakan ɗauki lokaci, a fara nemansa a makon haihuwa.

Idan auren ya mutu fa?

Wanda izininsa ya rataya a kan aure dole ya sanar. A Jamus, bayan shekara 3 ana zaman aure a cikin ƙasar, mutum yana samun izini na kansa. A Amurka, wanda aurensa bai kai shekara 2 ba ana ba shi kati na sharaɗi ne na shekara 2. Abin da muke so kowa ya sani: Jamus da Birtaniya da Amurka da Faransa duk suna da tanadi na musamman ga wanda ake duka ko ake azabtarwa a gidan aure. Babu wadda ya kamata ta zauna cikin cutarwa saboda tsoron rasa kati. A ajiye rahoton asibiti da na 'yan sanda, a nemi lauya ko ƙungiyar agaji da wuri.

Har tsawon wane lokaci zan iya zama a wajen ƙasar ba tare da izinin ya mutu ba?

Izini yana iya mutuwa alhali katin yana nuna sauran shekaru. A Jamus da Daular Larabawa, wata 6 a waje yakan kashe izini na yau da kullum. Mai katin dindindin na Amurka da zai wuce shekara 1 yana buƙatar takardar izinin dawowa, wadda ake nema kafin fita. Kanada tana son mai izinin dindindin ya yi kwana 730 a cikin ƙasa a kowace shekara 5. Izinin dindindin na Birtaniya yakan faɗi bayan shekara 2 a waje. Mai iƙamar Saudiyya ya lura da ranar da ke kan bizarsa ta fita da dawowa. Idan jinya ko rasuwa za ta riƙe ka, ka nemi ƙarin wa'adi a rubuce tun lokaci bai ƙure ba.

Yaushe zan fara sabuntawa?

Ka sa wa kanka tuni wata 4 kafin ƙarewa. Faransa tana son a miƙa tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ranar. Japan tana karɓa daga saura wata 3, Turkiyya daga saura kwana 60. A sabuntawa ba alkawari ake dubawa ba, abin da ka yi ake dubawa: sakamakon jarrabawa, takardun albashi, biyan haraji, da inshora marar giɓi. Duk canjin gida a sanar. A Amurka kwana 10 ne. Wasiƙar hukuma da ta je tsohon adireshi, a doka an ɗauka ta same ka, kuma wa'adinta yana tafiya.

Katina ya ɓace.

Ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka karɓi takarda, ka nemi sabo nan take. A Japan kwana 14 ne. Idan a wata ƙasa ya ɓace, ofishin jakadancin ƙasar da kake zaune ne zai ba ka bizar komawa. Hoton katin gaba da baya da ka ajiye a waya yana saurin warware wannan.

An ƙi ba ni. Shi ke nan?

Ka karanta wasiƙar har ƙarshe, domin a shafin baya ake rubuta inda za a ɗaukaka ƙara da kwanakin da ake da su. Wa'adin gajere ne, wani wuri wata ɗaya, wani wuri bai kai haka ba. Ka ajiye ambulan, saboda hatimin gidan waya shi ne shaidar ranar da ta iso. Ka tambayi lauya abu ɗaya tun farko: ɗaukaka ƙarar tana dakatar da umarnin fita ko sai an nemi haka daban a kotu? Idan dalilin ƙin rashin wata takarda ne, sabon nema yakan fi sauri, muddin kana da sauran izini. Idan an zarge ka da ƙarya ne, dole a ƙalubalanta, domin wannan tabon yana bin mutum zuwa wasu ƙasashe.

Wani ya ce zai samo mini kati ba tare da wahala ba. In ba shi?

Kada ka ba shi. Ba a fitar da kati na gaskiya ba tare da ka je da kanka an ɗauki zanen yatsunka ba. Kwantiragin bogi, adireshin haya na ƙarya, auren kuɗi, duk sunanka ne a kansu, ba na dillali ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da asiri ya tonu za a iya soke har izinin da aka gina a kai bayan shekaru. Mai taimako na gaskiya yana da rajista da hukuma, yana ba da rasit, yana nuna maka duk abin da zai miƙa da sunanka, kuma ba ya yi maka alkawarin sakamako. Jami'o'i da ƙungiyoyin ƙwadago da na agajin baƙi sukan ba da shawara kyauta.

Yaushe zan samu izinin dindindin?

A Tarayyar Turai, dokar 2003 ta ba da matsayin mazaunin dogon lokaci bayan shekara 5 na halastaccen zama ba yankewa, da sharaɗin ba ka yi wata 6 a jere a waje ba, kuma jimillar fitarka ba ta wuce wata 10 ba. Shekarun karatu rabi ake ƙirgawa a wannan lissafi. Jamus tana neman Jamusanci na matsakaicin mataki, wato B1, da biyan kuɗin fansho na wata 60 a hanyar da aka saba, ƙwararrun ma'aikata kuma nasu ya fi gajarta. A ƙasashen Gulf daɗewa ba ta juyewa ta zama izinin dindindin da kanta. Abin da ake da shi shi ne irin bizar zinare ta shekara 10 ta Daular Larabawa da iƙama ta musamman ta Saudiyya, dukansu daga 2019, na masu jari da ƙwararru.

Ranar nema za a tambaye ka shaidar duk shekarun. Tun daga yau ka buɗe fayil guda: kwafin kowane tsohon kati, tsofaffin fasfo, yarjejeniyoyin haya, takardun albashi da na haraji, da jerin ranakun fita da dawowa na kowace tafiya. Tsohon fasfo idan an huda shi an mayar maka, kada ka jefar, hatiman da ke ciki ake ƙirgawa.